Ba Kowace Wahala Ce Gicciye Ba

Amsa biyu muka saba ba mai shan wuya a majami'unmu na Arewa, kuma kowacce ƙara masa ciwo take yi. Ta farko, a ce masa akwai abin da ya yi: ko shi, ko iyayensa, ko wani kakansa da ya yi tsafi tun bishara ba ta iso garinsu ba. Ta biyu, a ce masa nufin Allah ne, ya ɗauki gicciyensa ya yi shiru. Ta farkon an fi jin ta a bakin masu wa'azin arziki da masu kwanan addu'ar karya la'ana. Ta biyun kuwa tamu ce, mu 'ya'yan tsofaffin ikkilisiyoyi, kuma da yake tana sanye da rigar tawali'u ba mu cika tuhumarta ba. A ganina dukansu sun cakuɗa tambayoyi biyu da Littafi Mai Tsarki ya ajiye daban-daban: wa ya jawo wannan wahala, sannan me Allah zai yi da ita.

Amsar farko tsohuwa ce ƙwarai. Ita Elifaz da Bildad da Zofar suka kai wa Ayuba. Da suka iso, kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki sai lissafi ya fara: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, kai kuwa ga ka cikin toka, saboda haka faɗi abin da ka ɓoye. Babu saɓo a maganarsu, Allah suke ƙoƙarin karewa. Amma a sura ta 42 Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Wato Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta neman a ba shi damar gurfana gaban Allah ya kai ƙara, shi aka ce ya yi daidai. Masu tsararren tauhidin su aka ce su je Ayuba ya yi musu addu'a.

Yesu ma an kawo masa wannan lissafi. A Yohanna 9 almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya, zunubin wa, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba na kowa ba ne cikinsu. A Luka 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ɗaya kisan gwamna ne, ɗaya kuma rushewar gini. A dukansu ya ce kada kowa ya ɗauka waɗanda suka mutun sun fi saura zunubi. Magana a fili take, amma har gobe ana tsayawa a kan bagade ana koyar da akasinta.

Na san wata baiwar Allah a unguwarmu, 'yar zumuntar mata, mai ɗinki. 'Ya'ya biyu ta binne tun ba su shiga firamare ba, na ukun kuma da hunturu ya kama sai hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, farin idonsa ya koma rawaya, ya kwana yana ihu ƙashinsa na ciwo. Wani da ake kira bawan Allah ya ce mata akwai ruhu daga dangin mijinta da ke shan jinin yaranta. Ya sa ta azumin kwana bakwai, ya sayar mata da man zaitun a 'yar kwalba, ya ce ta shuka irin bangaskiya, wato ta ba da kuɗi, wanda zai yi mata zafi a jiki. Keken ɗinkinta ta sayar ta shuka. Ta daina gaisawa da surukarta, tsohuwar da ita ma jikokinta ne ake binnewa. Sai da wata ma'aikaciyar jinya cikin zumuntar ta ja ta zuwa gwajin jini aka gane ita AS ce, mijinta ma AS, yaron kuma SS. Sikila ce. Abin da aka ce ta riƙa yi bai kai kuɗin kwalbar man nan ba: yaro ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, a rufa masa jiki da sanyi, ya sha ƙwayoyinsa kullum, in zazzaɓi ya taso a ruga asibiti kada a jira.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan cuta. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayarwa shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a nan kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenmu suna ɗauke da ƙwayar a jininsu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan sanannen abu ne. Wanda ya karɓi keken ɗinkin mace a kan wannan, ya kuma raba ta da surukarta, ba kuskuren fassara ya yi ba. Cin amana ya yi, da sunan Yesu.

Wa'azin da ke cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, ba ya rasa ɗa, ba zai iya tsayawa gaban Bulus ba ko na minti ɗaya. Mutumin da ya ƙirga da bakinsa a 2 Korintiyawa 11: sau biyar bulala arba'in ba ɗaya, sau uku dūka da sanduna, sau ɗaya jifa, sau uku jirgi ya fashe da shi a teku. Ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. A Ayyukan Manzanni 12, Hiridus ya sa aka sare Yakubu da takobi, a cikin surar nan kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ikkilisiya ɗaya, manzanni biyu, sarki ɗaya. Wa zai ce Bitrus ya fi Yakubu biyan zakka?

To, wannan ke nan. Amsa ta biyu ce ta fi damuna, domin ita ce muke faɗa da zuciya ɗaya, muna ganin ta'aziyya muke yi.

Ka je gidan da 'yan bindiga suka kashe maigida a gona. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata suna cikin gida a kan tabarma suna rera waƙa a hankali, ana kaɗa tulu. Kowa ya shigo sai ya durƙusa gaban matar ya ce, "Mama, sai haƙuri. Allah ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Lokacinsa ne ya yi." Ita kuma ta amsa, "Haƙuri ya zama dole." In ta ɗaga murya da kuka, wata dattijuwa za ta dafa ta ta ce kada ta yi kamar marasa bege. In ɗan mamacin ya tashi ya ce tun da safe aka ga baburan maharan a bakin rafi, aka buga waya, ba wanda ya zo, sai dattawa su ce ya zauna, ba yau ce ranar wannan magana ba. Ranar kuwa ba ta zuwa. An binne mutum, an binne tambayar tare da shi.

Ba na raina haƙuri. Da shi iyayenmu suka rayu, kuma na ga mutanen da ba abin da ya riƙe su sai shi. Amma akwai haƙurin da yake bangaskiya, akwai kuma wanda yake rufa wa azzalumi asiri. Dubi yadda Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa magana a Farawa 50:20, bayan mutuwar mahaifinsu. Ya ce ku kun nufe ni da mugunta, amma Allah ya nufe shi da alheri, domin a ceci rayuka da yawa. Magana ce mai gaɓa biyu. Bai ce musu ba komai, ai Allah ne ya jefa ni rijiya ba. Ya kira abin da suka yi da sunansa, mugunta, ya ɗora a kansu, sannan ya faɗi abin da Allah ya yi da ita. Mu mun yanke gaɓar farko mun riƙe ta biyu. Haka Bitrus ya yi ranar Fentikos a kan gicciyen Yesu: ya ce an ba da Yesu bisa ga shirin Allah da rigasaninsa, a numfashi ɗaya kuma ya ce ku kuka kashe shi ta hannun mugaye. Shirin Allah bai wanke hannun kowa ba.

Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kwana a Dapchi, jihar Yobe. Bayan wata guda aka dawo da su, ban da biyar da suka mutu, ban da Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, wadda abokanta suka ce an riƙe ta ne saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Muna ambatonta a wa'azi, kuma ya kamata. Tsayawarta shaida ce irin wadda Ibraniyawa 11 ke magana a kai. Amma akwai ɗaya rabin labarin. An janye sojoji daga garin kafin harin. Gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya faɗi haka a fili, sojoji suka ce sun miƙa tsaro ga 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba a miƙa musu komai ba. Shekara huɗu kafin nan, a Chibok, inda aka ɗauki 'yan mata 276 a watan Afrilu 2014, ƙungiyar Amnesty ta ce an sanar da sojoji sa'o'i huɗu kafin maharan su iso. A Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Damishi, jihar Kaduna, iyaye da ikkilisiya suka yi ta haɗa kuɗin fansa ana sako yaran kashi-kashi. Duk wanda ya tattara waɗannan ya ce "nufin Allah" ya tsaya nan, ya sallami ɗan ta'adda, ya sallami wanda ya bar ƙofa a buɗe, ya sallami wanda ya ci kuɗin makamai. Ya kuma ɗora wa Allah abin da Yakubu 1:13 ya ce ba halinsa ba ne.

Mutumin da ya fi koya mini yadda ake riƙe gaɓoɓin nan biyu shi ne Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) kuma shugaban CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na Michika a jihar Adamawa. An kama shi a farkon Janairu 2020. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya roƙi shugabannin ikkilisiya da gwamnan jiharsa su yi abin da za su iya a sake shi. A cikin bidiyon nan dai ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa a hannun Allah yake, in kuma bai sake ganin iyalinsa ba a kula masa da su. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Bai ga saɓani tsakanin neman ceto daga hannun hukuma da miƙa rai ga Allah ba. Bai nemi mutuwa ba, bai kuma sayi rai da musun Ubangijinsa ba.

Haka manzanni suka yi. A Filibi aka yi wa Bulus da Sila dūka ba shari'a aka jefa su kurkuku. Da tsakar dare suna waƙar yabo, wannan kowane ɗan makarantar Lahadi ya sani. Abin da ba a cika karanta mana ba shi ne washegari, da mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita. Ya ce sun dūke mu a bainar jama'a, mu 'yan ƙasar Roma, ba tare da an same mu da laifi ba, su zo da kansu su fitar da mu. Suka zo kuwa, suka ba da haƙuri. Daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Yesu da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya ce in na faɗi mugun abu ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Saboda haka ɗan da ya tashi a zaman makoki yana tambayar me ya sa ba wanda ya zo, ba rashin bangaskiya ke damunsa ba. Tambayar Habakuk yake yi, wanda ya buɗe littafinsa da cewa har yaushe zan yi ta kuka a kan zalunci ba ka cece mu ba. Matar da ke kuka da ƙarfi kuma tana da Zabura 88, addu'ar da ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, aka kuma bar ta a cikin Littafi ba a gyara ta ba. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a hanyar zuwa kabarin.

Akwai wani gyara da ya kamata mu yi wa kanmu a nan. Ba duk abin da ya sami Kirista ne tsanani saboda Almasihu ba. Wanda aka riƙe saboda ya ƙi musun bangaskiya, wannan tsanani ne, kada kowa ya sassauta sunansa. Amma harsashin da ke kashe mu yana kashe maƙwabtanmu. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano. A Zabarmari, jihar Borno, manoman shinkafa aka yi wa yankan rago a 2020. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da ake ƙonewa yawancinsu na Musulmi ne. A Yuni 2018 kuma, da aka far wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ne ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa a Nghar, akasarinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. In muka kira kowane asibiti marar magani da kowace hanya marar tsaro "gicciyenmu", mun mai da matsalar ƙasa ta zama tamu mu kaɗai, mun kuma rasa waɗanda ya kamata mu haɗa murya da su. Sannan akwai wahalar da mutum ke saya da kuɗinsa. Bitrus ya ce kada waninku ya sha wuya a matsayin mai kisa, ko ɓarawo, ko mai shisshigi. Ma'aikacin da aka kora saboda ya taɓa kuɗin ofis ba Ayuba ba ne, tuba ya kamace shi.

Na san abin da wani dattijo zai ce mini: ɗana, kana so ka cire Allah daga kan kursiyinsa ne? Ayuba bai ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa ba? Baba, ya faɗa, kuma na gaskata babu abin da ke faruwa a bayan idon Allah. Amma a lura da wanda ya faɗe ta. Ayuba ne, mai gawa goma a gabansa, ba baƙon da ya zo gaisuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma mai karatu ya san abin da Ayuba bai sani ba: Sabiyawa ne suka kwashe shanun, Kaldiyawa suka kwashe raƙuman, Shaiɗan ne ya nemi izini, Allah kuma ya sa iyaka. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalili ba. Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, ya nuna masa kansa, bai ba shi bayani ba. In shi ba a ba shi ba, ni wane ne da zan shiga gidan makoki da bayani a aljihu?

Shin wahala tana da amfani a rayuwar mai bi? Na gaskata tana da shi, da dukan zuciyata. Romawa 5 ta ce shan wuya na haifar da jimiri, jimiri ya haifi hali tabbatacce, shi kuma ya haifi bege. Ibraniyawa 12 ta yi maganar horon uba ga ɗansa, ta kuma yarda cewa a lokacin da ake yinsa ba daɗi, sai daga baya yake ba da 'ya'ya. Bulus ya ce ta wurin ƙayar nan ya koyi cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Na ga haka da idona a wurin mutanen da suka gudo daga Gwoza da Madagali ba su da komai sai kayan jikinsu, addu'arsu kuma tana da nauyin da tawa ba ta da shi. Amma wannan amfani Allah ne ke fitar da shi daga cikin mugun abu, bai mai da mugun abin ya zama mai kyau ba. Romawa 8:28 ba ta ce kowane abu alheri ne ba, cewa ta yi Allah na aiki cikin kowane abu domin alherin masu ƙaunarsa. Kuma mai wahalar ne ke da ikon cewa "ga abin da Allah ya yi da ni", sau da yawa bayan shekaru, wani ma ba zai taɓa iya faɗa ba a wannan duniya. Yusufu sai da ya yi shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku, ya ƙara wasu a kan mulki, kafin maganar nan ta fito daga bakinsa.

Abin da aka bayyana mana sarai shi ne aikin wanda ke tsaye a gefe. Da aka yi gunaguni a ikkilisiyar Urushalima cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce su yi haƙuri ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba su zauna binciken zunubin mutanen Yahudiya ba, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu.

Mu ma muna da irin wannan aiki, kuma ba ɓoyayye ba ne. Majami'u da yawa sun riga sun sa gwajin jini cikin sharuɗɗan ɗaurin aure. Sai dai ana yinsa a makare, bayan an kai kaya an buga kati, lokacin da ba mai iya janyewa. A mai da shi cikin zumuntar matasa, tun ba a fara neman aure ba. Matar da aka kashe wa miji, sati biyu bayan jana'iza 'yan'uwan mijin za su zo maganar gona da gida, kuma a ranar ce take buƙatar dattawan ikkilisiya su zauna kusa da ita, fiye da ranar da aka yi waƙa. Kuɗin makarantar 'ya'yanta ya shiga kasafin majami'a kafin tayil da sabon janareta. In an kai hari, sakataren ikkilisiya ya rubuta sunan kowane mamaci, da ranar, da lokacin da aka kira jami'an tsaro, da lokacin da suka iso, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da 'yan jarida, a ajiye kwafi. A tafi tare da limamin masallacin da shi ma aka kashe masa mutane. Fastocin da ke karɓar kuɗi a hannun iyayen yara marasa lafiya da sunan karya la'ana kuwa, shugabannin CAN na kowace ƙaramar hukuma sun san su, sun san inda majami'unsu suke. Su kira su, su zaunar da su, su ce su mayar da abin da suka karɓa.